Layin Ruwa a Gindin Bango

Sallau direba ya tura ƙofar gidan tsohon ma'aikacin kwastan da aka sa a kasuwa, bakinsa ya ƙi rufuwa.

"Sa'a, duba! Ɗaki ukku, ga rijiya. Gobe in saye shi, jibi in tura manya wurin babanki."

Sa'a ta durƙusa, ta shafa wani baƙin layi a gindin bango.

"Har nan kogi ya kawo bara. Da damina ake duba gida, ba da rani ba. Ka jira ruwa ya sauka mu gani. Ba ni son ɗiyanmu su kwana cikin ruwa."

Sallau ya tsaya cak.

"Ɗiyan wa kika ce?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska tana dariya.

"Ka ji ni sarai. Gidan na ƙi, ba kai ba."