Hoton da Ba Shi da Na Biyu

A bironta, wato ofishinta da ke unguwar Plateau, Salima na haɗa wa Illo, mai shuka furanni a gidajen mutane, shafin intanet. Kowane gida hoto biyu ta jera: kafin aiki da bayan aiki. Sai ta ci karo da hoton wani fili fayau, yashi kawai da katanga.

"Malam Illo, ina na biyunsa? Wa zai kira ka in ya ga wannan?"

"Filina ne." Ya ɗago ya dube ta. "Na ƙi shuka komai, sai wadda za ta zauna ciki ta zaɓa."

Ta daɗe tana kallon yashin, har ta fara hango inuwa a cikinsa.

"Lemun tsami," ta ce a hankali. "Kusa da tagata."