Yadda Ake Faɗar Mummunan Labari

A ɗakin hutun likitoci ta rufe ƙofa, ta kashe waya, ta jawo kujera daf da saurayinta. Shi ya koya mata wannan tsari lokacin jarrabawa: haka ake zama da dangin majinyaci idan labari ba daɗi.

"Me ka fahimta game da mu?" ta tambaya a hankali.

Ya kalli tishun da ta turo gabansa. "Haba, Likita. Har ni?"

"Na karɓi gurbin koyon tiyata a ƙasar waje. Na san ba za ka bar Babanka a kwance ba lafiya ka bi ni ba."

Ya gyaɗa kai. "Saura mataki ɗaya. Ki yi shiru, ki bar ni in yi kuka."

Amma ita ta riga shi fashewa da kukan.