Tudun da Za a Kafa Tanki

Na tarar da wani tsoho yana tumɓuke turakun awon da muka kafa, yana wurgi da su cikin kwari.

"Baba, wannan tudun kaɗai zai ɗauki tankin tace ruwa," na ce. "In ba a fara haƙa a makon nan ba, wani ƙauye za a kai aikin."

"A kai shi bangon duniya! Ke da hular kwanonki, wa ya gayyato ki?"

Direban motar haƙa ya leƙo. "Injiniya, ƙyale mai baƙin cikin nan. So yake gudawa ta ƙarar da yaran garin."

Raina ya ɓaci. Na shimfiɗa zanen a gabansa, na dangwala yatsa. "Nan ba gona, ba gida. Me kake karewa?"

Bai dubi takardar ba. Ya durƙusa, ya yaye ciyawa da hannu. Ƙananan duwatsu ne a jere, tsawonsu bai wuce kamu biyu ba.

"Jikata ce. Ruwan tafkin can ta sha, ta rasu." Ya ɗago kai. "Ga gonata, ɗauki duka. Amma ki matsa mata kaɗan."