Gargaɗin Matar da Bai Taɓa Gani Ba

Matso kusa in ba ka misalin wani mai walda, wataƙila ka sami abin ɗauka a ciki.

Mutumin nan ɗan ƙasar Gumel ne, amma neman abinci ya kai shi Fatakwal, inda ya shekara goma sha tara yana haɗa ƙofofi da tagogin ƙarfe. Wata Talata da hantsi, yana tsaka da aiki, aka bugo masa waya daga ƙauyensu. Yayarsa, wadda ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ta kwanta da ciwon ƙafa har ba ta iya takawa, kuma likita ya ce sai an kai ta babban asibiti a Kano, an yi ta zirga-zirga da ita kwana biyar. Mai irin wannan ciwo ba a cusa ta motar tasha a zauna huɗu-huɗu. Shi kuwa ya iya tuƙi, motar ce babu. Ya sayar da injin yankan ƙarfensa, ya yanki tikitin jirgi zuwa Kano, abin da ya rage a aljihunsa bai taka kara ya karya ba, ga magani na jiran sa. Sai ya zauna kan benci a ƙofar shago, ya goge hannunsa da tsumma, ya shiga intanet neman motar haya mai sauƙin kuɗi.

Ya buɗe wannan shafi, ya rufe wancan, duk farashin da ya gani ya fi ƙarfinsa. Can sai ga wata farar mota tana ƙyalli kamar amarya, a rabin abin da sauran ke nema. Sharaɗi ɗaya ne: a biya duka yanzu, wai ita kaɗai ta rage. Ya yi hamdala, ya ɗora babban yatsansa kan wurin biya, sai sabis ya ɗauke. Ya yi tsaki, ya shiga ja da shafin sama da ƙasa don haushi. Da sabis ɗin ya dawo, idonsa bai faɗa ko'ina ba sai can ƙarshe, inda waɗanda suka taɓa hayar ke rubuta abin da suka gani. Yabo ne jere, duk iri ɗaya, kamar baki ɗaya ya furta su. A tsakiyarsu akwai saƙon wata mata da ko sunanta ba ta sa ba:

"Na biya, na sauka filin jirgi da 'ya'yana biyu, babu mota, wayarsu a kashe. Kafin in sami abin hawa an riga an fita da gawar mahaifina, ban sami yi masa addu'ar bankwana ba. Kunya ta so ta hana ni rubuta wannan, amma ba na son wani ya tsaya inda na tsaya. Kada ka biya sai ka ga mota da idonka."

Mai walda ya karanta sau uku. Ya janye yatsansa a hankali kamar wanda ya ga kunama a cikin takalmi.

Daga nan ya sake salon nema. Ya daina kallon hoto, ya koma karanta shafi daga ƙasa zuwa sama. Ya ware wurare uku, ya gwada farashinsu, ya kira kowanne. Na farko bai ɗauka ba. Na biyu ya yi ta kwana-kwana kan kuɗin mai da na ajiya. Na uku wani dattijo ne mai motoci huɗu kacal, shi da kansa ya amsa. Da ya ji abin da ke tafe da baƙon, sai ya ce, "Malam, tunda kwana biyar ne a jere, na yafe maka kwana guda. Kada ka turo ko kwabo. Ka sauka, ka zagaya motar, ka taka birki, sannan mu yi magana."

Haka aka yi. Motar tsohuwa ce, da ƙarzuwa a ƙofar baya, amma birkinta garau, kujerar gaba kuma tana kwantawa. Ya je ƙauye ya ɗauko yayarsa, ya shimfiɗa ta a kan kujerar, ya tokare mata ƙafa da filo, yana kauce wa ramuka ɗaya bayan ɗaya har Kano. Kuɗin maganin ma bai taɓu ba. A rana ta huɗu ta dafa kafaɗarsa ta taka daga bakin mota zuwa ƙofar likita, tana shi masa albarka. Ya ce, "Yaya, ki raba albarkar nan biyu, akwai wadda ta fi ni cancanta." Ya ba ta labarin matar. Yayar ta share ido da gefen mayafi, kuma tun daga ranar ba ta idar da salla ba tare da ta roƙa wa mahaifin baƙuwar gafara ba.

Da ya mayar da mota, ya koma shafin nan ya rubuta a ƙarƙashin saƙonta: "Baiwar Allah, maganarki ta iso. Yayata tana takawa. Allah ya jiƙan mahaifinki." Ko ta gani, ko ba ta gani ba, Allah kaɗai ya sani.

To ka ji. Wanda ya ƙone ya yi shiru, shi kaɗai ya san zafi. Wanda ya ƙone ya ɗaga murya ya tsirar da na bayansa, kuma mai hankali shi ne wanda ya ji ihun ya tsaya. Shi ya sa Hausawa ke cewa: in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.