Gayyar Mutanen Tsallake

Tun bara Sulle bai sa 'yarsa Radiya a ido ba, alhali rafi ne kawai tsakaninsu. Shi yana wani ƙauye a ƙasar Rogo, ita kuma tana aure a Tsallake, ta ɓangaren Karaye.

Fadama ce ta haɗa ƙauyukan biyu faɗa. Aka ce an ci iyaka, aka sare rake, aka rama da ƙona rumbu. Daga sanda sai adda, daga adda sai bindigar toka. Rumbun da ya ƙone na Sulle ne, shi ya sa matasan ƙauyen sai abin da ya ce. Ya rantse ba mai ƙara tsallake rafin nan.

Amma fa zuciyar uba ba ta san rantsuwa ba. Kullum bayan azahar yakan kishingiɗa gindin tsamiya, iskar damina na kaɗa shi, ido rabi a rufe. Sai ya ga rafin ya yi lum, rake na sunkuyawa a hankali, ga Radiya tana tahowa a kan ruwa ko ƙafarta ba ta jiƙe ba. Wani lokacin tana 'yar ƙarama da zanen gaba, wani lokacin da lallenta na amarci. Ta buɗe baki za ta gaishe shi, sai ya farka. Wallahi kewarta na cin sa, girman kai ne ya hana shi faɗa.

Ran nan yana cikin wannan mafarki sallama ta tashe shi. Malam Zaharaddini ne, malamin allon da ke karantar da 'ya'yan ɓangarorin biyu.

"Barka da hutawa, Sulle. Yaya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara, Allah gafarta Malam."

"Daga Tsallake nake. Dattawansu sun zauna, sun ce in gaya maka gobe da safe za su zo maka da gayya…"

Sulle ya yi zumbur. "Gayya? Ni za a yi wa gayya? Su ƙona mini rumbu, sannan su aiko mini da gori?"

"Haba Sulle, tsaya ka ji ƙarshen maganar."

"Farkonta ya ishe ni, Malam. A gaya musu ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi!"

Ya haye babur ɗinsa ya tayar. Malam na ɗaga murya, ƙarar inji na haɗiye ta.

Jama'a, kun dai san gayya biyu ce. Akwai ta mugunta, wadda ake yi wa mutum don a ƙuntata masa. Akwai kuma ta noma, inda gari ke fitowa da kiɗa a nome wa mutum gona kyauta. Ta biyun mutanen Tsallake suke nufi: su nome masa gyaɗarsa, a matsayin ban haƙuri. Amma kunnen mai fushi, abin da yake so shi yake ji.

Malam ya koma Tsallake ya ce wa dattawa a dakata, Sulle bai saurara ba. Sai Radiya ta sa baki daga bayan zana.

"Malam, a bar ni in shiga gaba da kunun 'yan gayya. In Baba ya gan ni, ba zai ɗaga hannu ba."

Mijinta Badaruddeen ya yarda.

Da asuba aka yi yayyafi. Gari ya waye da farin hazo irin na bayan ruwa, ya kwanta a fadama har mutum ba ya ganin ƙafarsa. Sulle da ƙanensa Hamma da matasa suna laɓe cikin rake. Can sai sautin ganga ya taso, a hankali, kamar daga ƙarƙashin ƙasa. Kiɗan ya yi wa Sulle daɗi, har ya ji ɗan yatsan ƙafarsa na bin sa, don da irinsa ya yi samartaka. Ya rasa gane a farke yake ko barci bai sake shi ba.

Inuwoyi suka soma fitowa daga hazon, ƙarfe na ƙyalli a kafaɗunsu.

"Yaya, ga su nan da makamai," in ji Hamma cikin raɗa.

Sulle ya ɗaga hannu. Bindigogi suka tashi. Ganga ta yi shiru.

Da hayaƙi ya washe, ba abin da ke zube a ƙasa sai fartanyu da garemani, da fasasshiyar ƙwarya, kunu na bin kunya. Radiya na kwance a gefenta.

Inna lillahi! Sulle ya isa da rarrafe, ya tallafo kanta. Ta dube shi kamar mai jin barci.

"Baba, ina kwana? Noma muka zo yi maka."

Maganarta ta ƙarshe ke nan a duniya.

Bayan sadakar bakwai aka yi sulhu a zauren dagaci, a kan tabarma, da goro da addu'a. Ba a kai la'asar ba aka raba fadamar, kowa ya gamsu. Sulle ne ya fara miƙa hannu, Badaruddeen ya karɓa bai iya ɗaga kai ya dube shi ba.

'Yan'uwa, duk yaƙi a kan tabarma yake ƙarewa. Ku hau ta tun ba a haƙa kabari ba. In mai sulhu ya zo, ku bar shi ya kai ƙarshen maganarsa.