Almakashin Gemun Baba

A gidanmu na Azare akwai wata farar kaza mai tukku, irin kajin ado. Tukkun ya zubo har ya rufe mata fuska. In na watsa gero sauran kaji su yi rubdugu, ita kuwa ta yi ta saran ƙasa a banza. Ta rame, har Inna ta ce a yanka ta kafin ta yi mushe.

Bayan la'asar na kai wa Baba ita. Na ce, "Baba, ga sakaryar nan."

Bai taɓa wuƙa ba. Ɗan almakashin da yake gyara gemu da shi ya ciro, ya sa na riƙe fukafukanta, ya rage gashin a hankali. Har yau ina jin ƙas-ƙas ɗin nan.

Ya ce, "Ba sakarci ba ne, Uwata. Gani ne ba ta yi."

Yana sauke ta ta nufi geron.

Yanzu malamar firamare ce ni. Duk yarinyar da aka ce min daƙiƙiya ce, sai na fara dawo da ita gaban allo tukuna.