Makantar da na yi saboda randa

Shekarar fari ce, zamanin mulkin soja, ina aji uku a lakwal, makarantar boko, a Agadas. Mushenmu, wato malaminmu, ya dawo daga Yamai, inda aka koya wa malamai kula da yara masu raunin gani. Ran nan da la'asar ya rubuta haruffa a tablo, babban allon aji, ya ce duk wanda ya kasa karantawa zai koma bencin gaba.

Bencin gaba kuwa yana jikin randar ruwa. Abin da na ji ke nan.

Alhusaini, wanda kowa ya san yana karo da ƙofa, kunya ta sa ya haddace haruffan daga bakin waɗanda suka riga shi. Ya karanta tsaf. Da aka zo kaina na ƙanƙance ido, na ce, "Mushe, ina tablon yake ma?"

"Wayyo, yarona!" in ji shi. Ya kama hannuna ya zaunar da ni gaba. Sannan ya fita can tsakar fili, ya ɗaga wani ɗan abu. "Alhusaini, mene ne wannan? In ka faɗa, naka ne."

Alhusaini ya yi ta ƙifce-ƙifce.

"Dabinon Bilma ne, Mushe!" Bakina ya riga hankalina. "Har an ɗan gutsura!"

Aji ya fashe da dariya. Mushe ya ce a Yamai an hana su dukan yara, kuma da baƙin ciki ya faɗa. Ya sa ni da Alhusaini muka yi musayar wuri, ya miƙa masa dabinon.

Allah ya yafe mini, saura kaɗan ƙishina ya bar yaron nan a baya shekara guda. Ya cinye dabinon a hankali, ni kuma daga bencin ƙarshe ina ganin kowace tauna sarai.